Kafin La'asar An Gama

Ranar Alhamis oga ya ce in haɗa OpenSSL, manhajar da ke kare sirrin bayanai a intanet, daga tushen rubutunta, a Linux da Windows da kuma Mac ɗinsa. Na ce, "Ranka ya daɗe, kafin la'asar an gama." Bakina ne ya ja min.

A Linux kam sai hamdala. Na buga umarnin shiri na ./Configure, na bi shi da make mai haɗawa, rubutu ya yi ta zuba a allo kamar ruwan Agusta. Kafin in dawo daga alwala an kammala. Na fara zagaye ofis ina ɗaga kafaɗa.

Windows ce ta sauke min kafaɗar. Ta ce sai da Perl, wani yaren rubuta manhaja, na sauko da nau'insa na Windows mai suna Strawberry Perl, datata na kuka. Ta ce saura NASM, mai fassara umarni zuwa yaren na'ura, na kawo. Na buga nmake, wato make ɗin Windows, ta ce ita ba ta san wannan bawan Allah ba. Ashe sai ta tagar umarni ta Visual Studio, kayan aikin Microsoft na rubuta manhaja, ake shiga, ba baƙar tagar da kowa ya sani ba. Abin ya zama kamar kai lefe: duk akwatin da ka dire, gwaggon amarya ta leƙa ta ce saura turare. Ana tsaka da haɗawa aka ɗauke wuta, batirina kuwa ya daɗe da riga mu gidan gaskiya.

A Mac na sha gumi na gama, na tambayi sigar OpenSSL ɗin, sai ta amsa min da LibreSSL, wani ɗan'uwansa. Wanda ya zo da na'urar ne ya riga nawa ɗaga hannu.

Na ƙarshen ne ya fi ƙona min rai. Don tsimin data, na kwafi fayilolin daga Windows a filashi na kai wa sabarmu ta Linux. Ta ce babu perl. Na kira perl, ya amsa, ga shi zaune daram. Awa biyu ina zargin aljanu. Sai yarinyar da ke bautar ƙasa a wajenmu ta leƙo ta ce, "Yaya, mene ne wannan \r ɗin a wutsiyarsa?"

Windows da alamomi biyu take rufe layi, Linux da ɗaya, \r ɗin nan shi ne rarar da ta manne wa sunan perl; Git, manhajar sauko da fayilolin da na saita da hannuna, kuma ya bi al'adar masu gida, wato Windows. Yarinyar ta buga dos2unix, umarnin da ke goge rarar, ko minti ɗaya ba a yi ba.

Litinin da safe na miƙa aikin. Oga ya dubi agogo, ya dubi kalanda, ya ce, "Malam, la'asar ɗin wace rana ka ce?"