Kangon da ka bari, maƙwabta ne ke biyan kuɗinsa

Tun watan Maris na 2025, lokacin da Gwamnan Kano Abba Kabir Yusuf ya ba waɗanda suka sayi gidaje a rukunin Kwankwasiyya da Amana da Bandirawo wa'adin wata uku, ko su tare ko su zuba 'yan haya ko gwamnati ta karɓe abinta, wata magana take yawo a majalisu da gidajen rediyo da Facebook, kuma har yau ba ta daina ɓata mini rai ba. Wai mutum da guminsa ya sayi gida, ina ruwan gwamnati da shigarsa ko rashin shigarsa? Wai in ya ga dama ya garƙame shi shekara ashirin jemagu su yi ta haihuwa a ciki, ikonsa ne. Masu faɗin haka ba jahilai ba ne, akwai lauyoyi a cikinsu, akwai 'yan kasuwa, akwai ma masu wa'azi. Amma duk wanda na ji yana faɗa, in na bi diddigi, sai in tarar ba ya kwana katanga ɗaya da kango.

Ni kuwa ina kwana. A layinmu akwai wani bene da aka fara, aka zuba kankaren hawa na farko, daga nan aka ɗauke ƙafa. Yaran da aka haifa shekarar da aka kafa tubalinsa yanzu sun gama firamare. Rodukan da suka leƙo sama sun yi jajir da tsatsa. Ramin sokawen da aka haƙa a bayansa ba a taɓa rufe shi ba, duk damina sai ya cika ya yi kore, sauro ya tashi daga nan ya raba wa unguwa zazzaɓi. Ɗakunan ƙasa sun zama bola da wurin ba-haya. Na sama kuwa, da magariba ta yi sai ka ga wutar sigari tana ƙyalli, da safe ka tarar da kwalaben maganin tari da ledojin sholisho a gindin katanga. Sau biyu ana ƙwace wa mata waya a bakin layin, kuma sau biyun ɓarayin cikin ginin nan suka faɗa suka ɓulle ta baya.

Akwai wata dattijuwa da gidanta na ƙasa ke manne da shi. Ruwan da ke sauka daga saman benen, da yake ba a sa indararo ba, a kan katangarta yake zuba. Kowace shekara sai ta sayar da akuya ta yi yaɓe. Na taɓa samun mai unguwa na ce, "Ranka ya daɗe, wai ginin nan na wane ne?" Ya ce, "Wallahi ɗana, wanda na sani ya sayar tuntuni. Wanda ya saya ya rasu. Magada wasu na Abuja, wasu na Saudiyya, dillalin da ya san su ma ya bar gari." Ƙarshe mu muka yi karo-karo muka toshe ƙofofin ƙasa da bulo, muka sa fitilar sola a kan kwana, muke kuma biyan 'yan sintiri duk wata. Mai ginin ko sisi bai bayar ba, alhali darajar filinsa kullum hauhawa take yi, saboda mu da muka zauna muka raya unguwar. To ina masu cewa ikonsa ne? Wane iko ne ya ba mutum damar ya ajiye dukiyarsa tana ƙiba, talakan da ke gefensa yana biyan kuɗin kiwonta?

Ko a doka ma maganar tasu ba ta da ƙafa. Tun 1978 dokar amfani da ƙasa ta damƙa filayen kowace jiha a hannun gwamna a matsayin amana ga jama'a. Takardar mallaka da mutum yake alfahari da ita izinin zama ce, galibi na shekara 99, kuma da sharuɗɗa a jikinta: ka biya kuɗin ƙasa, ka gina cikin lokacin da aka yanka maka. Sashe na 28 ya ba gwamna ikon soke ta idan aka saɓa sharuɗɗan. Masu fakewa da addini kuma su ne suka fi ba ni mamaki. Kowane ɗalibin zaure ya san hadisin da ya hana cuta da cutarwa, ya kuma san irin nauyin da aka ɗora wa haƙƙin maƙwabci. Sayyidina Umar ya karɓe wani ɓangare na filin Aƙiƙ daga hannun Bilal ɗan Harith, duk da cewa Manzon Allah (SAW) ne ya yanka masa, saboda ya kasa raya shi, ya raba wa Musulmi. Malaman fiƙihu sun ɗauko daga gare shi cewa wanda ya killace fili ya bar shi shekara uku bai taɓa ba, ya rasa fifikonsa a kai. Sahabi ke nan aka yi wa haka, ballantana ɗan kasuwar da ya sayi gida biyar a Bandirawo ya zuba mukullai a aljihu yana jiran farashi ya ninka, a garin da magidanci ke yawo da dillali wata uku yana neman ɗaki biyu da falo.

Sai dai kada gwamnati ta ɗauka na zo yi mata kirari. Wa'adin da aka bayar a bakin lasifika ya shafi rukunin gidaje uku ne kawai, waɗanda aka gina a zangon mulkin Kwankwaso na biyu, kuma kowa ya san dalilin da ya sa idon wannan gwamnati ke kansu. Kangayen Dorayi da Kurna da Sheka da Rijiyar Lemo da Hotoro fa, wa ya ba su wa'adi? Can ne 'yan daba ke ɓoye makamai, can ne ake jan ƙananan yara. Babu wata rijista da za ka buɗe ka ga kango nawa ne a Gwale ko Tarauni, na wane ne, tun yaushe aka bar shi. Hukumar tsara birane ta jiha, wato KNUPDA, takan bayyana ne da jan fenti idan mutum ya fara gini. Idan ya daina, an rabu ke nan.

Hukumominmu magani biyu kawai suka iya, rusau da ƙwace, kuma dukkansu sun nuna mana iyakarsu. A watan Yunin 2023 an sa katafila a kan shagunan Filin Idi da ginin otal ɗin Daula da wasu wurare. Kotun tarayya ta yanke wa gwamnatin jiha diyyar naira biliyan 30 ga 'yan kasuwar Filin Idi, daga baya aka sasanta a kan biliyan 3, kuɗin da daga aljihun Kanawa zai fita. A Abuja, Minista Nyesom Wike ya soke filaye 165 a watan Satumba na 2023 saboda ba a gina su ba, ya kuma soke takardu 4,794 a 2025 saboda bashin kuɗin ƙasa na sama da shekara goma. Da aka kai ga garƙame hedikwatar PDP a kan wannan bashi a watan Mayu, sai ga Shugaba Tinubu ya sa baki an ƙara wa'adin kwana 14. Darasin da duk mai kango ya ɗauka daga nan shi ne, in kana da wanda zai ɗaga waya dominka, ka kwanta ka yi barci. Ƙwacen da ya dogara da fushin mutum ɗaya yakan tafi tare da kujerarsa, filin kuma sau da yawa daga hannun wani babba yake fita ya faɗa hannun wani babban, ciyawar tana nan inda take.

Ita kanta gwamnati ai uwar masu kango ce. Tsohuwar sakatariyar tarayya da ke Ikoyi a Legas tana nan tana ruɓewa tun bayan da aka koma Abuja a 1991. Gidaje 753 da kotu ta mallaka wa gwamnati a unguwar Lokogoma ta Abuja a watan Disamba na 2024, bayan ƙarar da EFCC ta shigar, sun nuna yadda mutum ɗaya zai iya tsayar da gari guda babu kowa a ciki. Ga kuma gidajen da bankuna da AMCON, hukumar da ke karɓo bashin bankuna da ya maƙale, suka karɓe saboda bashi, a rubuta gargaɗi a jikin katanga, a sa kwaɗo, a tafi kotu shekara da shekaru. A wannan tsakanin wa ke sare ciyawa, wa ke kwashe shara? Bayan rikicin bashin gidaje na 2008, birane da yawa a Amurka, ciki har da Los Angeles, sun tilasta wa bankuna su yi rijistar duk gidan da suka karɓe, su kula da shi, in ba haka ba tara ta hau kansu kullum. A Ingila ƙaramar hukuma na iya ninka harajin gidan da ya shekara babu kowa a ciki, kuma yana ƙaruwa gwargwadon daɗewarsa a rufe. Ba su buƙaci katafila ba, aljihu suka taɓa.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne muna da wannan makami, mun jingine shi. Jadawali na huɗu na kundin tsarin mulkin 1999 ya lissafa ayyukan ƙaramar hukuma, a ciki akwai sa wa tituna suna, da sa wa gidaje lamba, da kwashe shara, da ƙiyasta gidajen mutane domin karɓar haraji kamar yadda majalisar jiha ta tsara. Tun watan Yulin 2024 Kotun Ƙoli ta ce a riƙa ba ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye. To me ciyamomin cikin birni suke jira? Masu karɓar harajinsu sun san teburin kowace mai ƙosai da rumfar kowane mai shayi, ba sa kuskuren rana. Bene mai hawa biyu da ya shekara goma a tsaye ne ba sa gani.

Ba wani abu mai wuya nake nema ba. Majalisar jiha ta yi doka ɗaya da za ta hau kan kowa, ɗan jam'iyya da ɗan adawa, banki da ma'aikatar gwamnati. Masu unguwanni da dagatai, waɗanda sun san kowane lungu, su ba da sunayen kangayen da ke ƙasarsu. A liƙa sanarwa, a ba mai shi lokaci ya katange, ya rufe rami, ya sa mai gadi ko ɗan haya. In ya ƙi, haraji ya fara hawa yana ninkuwa duk shekara, ƙaramar hukuma ta yi gyaran ta rubuta a kan takardar filin, ranar da za a sayar a fara cire nata. Wanda ya shekara da shekaru bai waiwayo ba, kotu ta yi gwanjonsa a bainar jama'a, a ajiye masa canjinsa. Masu cewa za a yi amfani da dokar a cuci abokan hamayya su duba da kyau, yanzu da babu dokar ai cutar ta fi sauƙi.

Na san akwai wanda ba mugunta ce ta sa ya bar gini ba. Ma'aikacin da ya kai ginin linta farashin siminti ya tsere masa, ba shi nake nufi ba, kuma shi toshe ƙofa da rufe rami ba za su gagare shi ba. Akwai kuma gidajen gado na cikin ganuwa, inda kaka ya rasu ba a raba ba, 'ya'ya suka rasu ba a raba ba, yanzu jikoki arba'in ke da haƙƙi a soro ɗaya da azararsa ta fara sunkuyowa kan hanya. Kowa na jin kunyar ya fara ta da maganar kada a ce ya ƙosa. Irin waɗannan takardar haraji ma alheri ce gare su, domin ita za ta tilasta musu su zauna gaban alƙali a raba, marayu da zawarawan cikinsu su karɓi rabonsu tun suna da rai.

Jiya da yamma na wuce na ga dattijuwar nan tsaye da mai yaɓe suna duba katangar, yana nuna mata inda ta tsage tun daga sama har gindi. Ya ce mata bana yaɓe ba zai riƙe ba, sai an rushe an sake. Ta ce, "To ɗan nan, nawa ne?" Da ya faɗa, ba ta ce komai ba, ta ɗaga kai ta dubi benen. Akuya ɗaya ta rage mata, hadari kuma ya fara haɗuwa ta gabas.