Igwa ake zuwa kallo, gindin jirgi ke cin kuɗi

Manyan jiragen ruwan yaƙi na ƙarni na 20, irin masu sulken ƙarfe da jibga-jibgan igwa, guda tara kacal suka rage a duniya. Takwas suna Amurka: Texas, North Carolina, Massachusetts, Alabama, Iowa, New Jersey, Missouri da Wisconsin. Na taran shi ne Mikasa, a garin Yokosuka na ƙasar Japan. Ingila da ta fi kowa tara irinsu ba ta bar ko ɗaya ba. Warspite, da ya yi yaƙin duniya na ɗaya da na biyu, an sayar da shi ga masu yanka ƙarfe, Vanguard ma ya bi shi a 1960. Duk lokacin da aka ɗora hoton ɗayansu a Facebook sai ka ga ana ta yi wa Ingila tofin Allah tsine, wai ba ta san darajar tarihinta ba. Ni ba na cikin masu tsinuwar. Ajiye irin wannan jirgi bashi ne da ba ya biyuwa, kuma akasarin masu cewa a ajiye ba su taɓa tambayar abin da ke faruwa a ƙarƙashin ruwa ba.

Mai ziyara yana ganin sulke mai kaurin inci 12 sai ya ɗauka jirgin ba zai taɓa hujewa ba. Sulken nan ɗamara ce kawai aka yi wa tsakiyar jirgi don kare injina da rumbun harsashi. Fatar gindin, wadda ita ce ke tsakanin ruwa da cikin jirgi, a wurare da yawa ba ta kai inci ɗaya ba. Tsatsa kuwa ruwa da iska take so, don haka inda ta fi ɓarna shi ne daidai inda ruwa ke tsayawa a jikin jirgi, wurin da ke jiƙewa ya bushe dare da rana. Wannan daga waje ke nan. Daga ciki ma tana ci: ruwan sama ya sulala ta tsagar daɓe, raɓa ta taru a jikin ƙarfe mai sanyi, duk su gangara su kwanta a tankunan da ba mai leƙawa. Lokacin da jirgi irin New Jersey ke aiki a yaƙin duniya na biyu, mutum kusan 2,700 ne a cikinsa, da yawansu kullum suna kankare tsatsa suna shafa fenti. Yau ma'aikata 'yan ƙalilan ne da 'yan sa kai, a jirgi mai tsawon mita 270.

Texas ne ya fi kowanne shan wahala, domin a kansa aka koyi aikin. Ya fara aiki a 1914, aka mai da shi gidan tarihi a 1948, aka girke shi a San Jacinto kusa da Houston, cikin ruwa mai gishiri-gishiri. Da katakon daɓensa ya ruɓe, a 1968 aka ga hanya mafi araha ita ce a zuba kankare. Kankaren ya tsattsage, ruwa ya shiga ƙarƙashinsa ya rasa mafita, ya zauna yana cin ƙarfen. Shekara arba'in jirgin bai fita daga ruwa ba, sai a 1988 aka ja shi zuwa Galveston yana yoyo, aka fasa kankaren, aka mayar da katako. Jirgin kasuwanci da ke aiki, doka ta ce a duba gindinsa sau biyu cikin shekara biyar.

Akwai wasu tankuna da aka ƙara wa Texas a gefe da gefe cikin shekarun 1920 don su tare nakiyar ƙarƙashin ruwa kafin ta isa jikin jirgi. A Normandy, gaɓar tekun Faransa, lokacin yaƙin duniya na biyu, cikin Yunin 1944, da gangan aka cika na ɓangare ɗaya da ruwa don jirgin ya ɗan karkata, bakin igwa ya ƙara ɗagawa, harsashi ya kai nesa. Waɗannan tankunan ne daga baya suka zame masa alaƙaƙai. Fatarsu siririya ce, suka huje, jirgin ya riƙa karkata da kansa, injinan zuƙe ruwa suna aiki ba dare ba rana. A 2007 masu zaɓe a jihar Texas suka amince da dala miliyan 25 don a fitar da shi daga ruwa gaba ɗaya a ajiye a busasshen wuri. Da injiniyoyi suka shiga ciki sai suka tarar ƙarafan da ke riƙe da injina sun ci sun kusa ƙarewa, dole kuɗin ya tafi wajen gyaran ƙashin jirgin. A 2019 majalisar jihar ta ƙara dala miliyan 35. Kafin a iya jan shi zuwa wurin gyara sai da aka ɗura wa tankunan nan kumfar roba mai kumbura, don ko ruwa ya shiga ya rasa wurin zama. Ya isa Galveston ranar 31 ga Agusta 2022, ya koma ruwa a Maris 2024 bayan an sauya masa ƙarfe wajen tan 700.

Kowa ya sayi rariya ya san za ta zub da ruwa. Laifin da nake gani bai wuce na karɓar jirgi da murna, ana buga badujala, ba tare da an buɗe asusun fitar da shi daga ruwa ba. Kuɗin tikiti yana biyan albashi da wuta da fentin sama. Ba ya biyan aikin gindi. Gyaran Missouri a Pearl Harbor daga ƙarshen 2009 zuwa farkon 2010 ya ci dala miliyan 18. Na New Jersey a 2024 ya ci kimanin miliyan 10, kuma shi lafiyarsa ƙalau aka same shi.

Aikin New Jersey ya isa a duba shi daki-daki, don shi ne yadda ya kamata a yi, wato tun kafin rami ya buɗe. Daga Camden, inda yake girke, zuwa wurin gyara a Philadelphia tafiya ce ta 'yan mil a kogin Delaware, amma sai da aka sauke abin da ke ƙololuwar jirgin don ya wuce ƙarƙashin gada. Aka tsaya a Paulsboro aka ɗura masa ruwa a tankunan goshi, saboda jirgin da babu mai babu harsashi bayansa ya fi gabansa nauyi, in ya sauka a haka bayan ne zai fara dira ya ɗauki nauyin duka. A kwarmin gyara, wato ramin da ake shigar da jirgi a zuƙe ruwan don a ga gindinsa, an riga an jera tubalan da zai zauna a kai bisa taswirar gindinsa. Aka zuƙe ruwa, aka wanke shi da ruwa mai ƙarfi, aka auna kaurin ƙarfe da na'ura. Gindin irin wannan jirgi yana da ƙofofi fiye da 100 da injina ke shan ruwan teku ta cikinsu, an toshe su da faranti da walda tun da ya bar aiki, kowanne sai an gwada shi. Sannan fenti, shafi bisa shafi. Inda tubali ya tokare ba ya fentuwa, don haka sai an sake cika kwarmin, a ɗan matsa da jirgin, a sake zuƙewa, a fente gurbin. An kuma cire dunƙulen tutiya fiye da 1,200 da ke manne a gindin, waɗanda aikinsu su narke a madadin ƙarfe, aka sa na alminiyam kusan 600. Dalili: tutiya a ruwan gishiri take aiki, a ruwan kogi irin na Camden sai ta yi ɓawo ta daina.

Wasu za su ce a yi irin ta Mikasa mana, da aka binne gindinsa cikin kankare tun shekarun 1920. Ba zai nutse ba, gaskiya ne, amma ba mai iya ganin fatar gindinsa balle ya gyara. Ajiyewa a busasshen wuri ma ba kyauta ba ce. An ƙera jirgi ne don ruwa ya tallafe shi ta ko'ina. Victory na Ingila, duk da na katako ne, ya nuna haka: tun 1922 yake a kwarmi a Portsmouth, jikinsa ya riƙa saɓulewa a hankali, har sai da aka sauya masa matokarai aka sa 134.

Dabarar da ta fi kwanta mini ga jirgin da ba zai iya tafiya ba ita ce ta Alabama da North Carolina: a kewaye shi da katangar ƙarfe a inda yake. North Carolina yana zaune cikin laka a Wilmington tun 1961, an gama katangarsa a 2018. In za a yi aiki sai a rufe, a zuƙe ruwa, masu walda su yanke ruɓaɓɓen faranti su sa sabo, a mayar da ruwa ya ci gaba da ɗaukar nauyi. Ba ta kai ga abin da ke cikin laka ba, amma ta kama wurin da tsatsa ta fi ci. Sauran da ke dogara da kwarmi kuwa, wuraren da za su ɗauki jirgi mai wannan girma ba su da yawa, kuma jiragen da ke aiki ne ke kan gaba a layi. Wanda aka ɗora Texas a kai a Galveston, mai shawagi ne, daga tsibiran Bahamas aka jawo shi, shi ma sai da aka gyara shi tukuna.