Kafin ka tambaye ni wace ƙaramar kyamara ce ta fi, faɗa mini me kake ɗauka

Babu tambayar da ake yawan yi mini kamar wannan: "Malam, cikin ƙananan kyamarorin nan na aljihu wacce ce ta fi kyau?" Amsar da nake bayarwa kuma ba ta cika yi wa masu tambayar daɗi ba. Nakan ce wa mutum ya buɗe wayarsa ya duba hotuna 200 na ƙarshe da ya ɗauka, ya gaya mini abu biyu: mene ne ya fi yawa a cikinsu, kuma waɗanne ne suka lalace. Wani zai ga rabinsu 'ya'yansa ne a cikin ɗaki da daddare, duk sun yi dishi-dishi. Wani zai ga tsuntsu ne a kan reshe, ya fito kamar ɗigon tawada. Waɗannan mutum biyu ba kyamara ɗaya suke bukata ba, ko kusa.

Ni ma da kuɗina na sayi wannan darasin. Kyamarata ta farko, lambar da ke jikin kwalinta ce ta ja ni: tana zuƙo abu har ninki 30. Na yi ta murna ina zuƙo saman bene da fuskar wata. Bayan mako biyu sai na lura ba wata nake ɗauka kullum ba, yara nake ɗauka suna guje-guje a falo bayan faɗuwar rana, kuma a nan ba ta tsinana mini komai. Kyamarar ba ta da laifi, an ƙera ta ne don matafiyi mai yawo da rana tsaka. Ni ne na kai ta aikin da ba nata ba.

Ga abin da na fahimta tun daga lokacin. Abu uku ake so a wurin ƙaramar kyamara: ta shiga aljihu, ta yi hoto mai kyau a ƙarancin haske, ta kuma zuƙo abu daga nesa. Babu wacce ta haɗa ukun. Ba rowar kamfanoni ba ce, dokar haske ce. Hoto mai kyau a duhu yana son babbar sensa, wato farantin nan da ke bayan gilashi mai karɓar haske. Babbar sensa kuma tana son babban gilashi, idan aka ce gilashin ya riƙa zuƙowa da nisa sai ya ƙara tsawo da nauyi, ya fi ƙarfin aljihu. Taura biyu ma ba ta taunuwa, balle uku. Don haka duk wacce ka ɗauka, akwai abin da ka haƙura da shi, ko ka sani ko ba ka sani ba. Gara ka sani.

Bari in tsaya kan sensar nan, domin a nan ake yi wa mutane rufa-ido. Yawancin masu dogon zuƙo suna ɗauke da sensar da ake kira 1/2.3, wadda faɗinta bai wuce milimita 6 da ɗoriya ba, tsayinta kuma milimita 4.5. Ƙwayar farcen ƙaramin yatsa ta fi ta girma. Sai wadda ake kira mai inci ɗaya, milimita 13.2 da 8.8, kusan ninki huɗu ke nan na ta farkon. Sunan ma yaudara ne: babu ta inda ta kai inci ɗaya, an gaji lissafin ne daga bututun gilashin da ke cikin tsofaffin kyamarorin talabijin. Sama da ita akwai APS-C, wajen milimita 23.5 da 15.6, ta ninka mai inci ɗayan sau uku. Yanzu ka ga kyamara biyu kowacce an rubuta mata megafiksel 20, wato ɗigon hoto miliyan 20, ɗaya a kan ƙaramar sensa, ɗaya a kan mai inci ɗaya. Lambar ɗaya ce, amma da magariba ta yi, hoton ta farkon zai cika da yashi-yashi, na biyun kuma yana nan sumul. Shi ya sa na daina kallon megafiksel. Ko 12 ya ishi hoton da za a wanke a rataye a bango.

Abu na biyu da ya kamata a duba shi ne lambar da ke bayan harafin f a bakin gilashin. Ita ke nuna faɗin ƙofar da haske ke shiga, kuma a baibai take: ƙaramar lamba, babbar ƙofa. Daga f/2.8 zuwa f/4 haske ya ragu da rabi, zuwa f/5.6 saura kashi ɗaya cikin huɗu. Lambobi biyu ake rubutawa a gilashin zuƙo, ta farko ta lokacin da ba ka zuƙo komai ba, ta biyu ta ƙarshen zuƙowa. Mai talla ya fi son ka ga ta farkon. Kai ka dubi ta biyun.

To, mai yara da hotunan cikin ɗaki, kai nake fara yi wa magana, don ku ne kuka fi yawa. Dubi misalin Sony RX100, wadda ta fara fitowa a 2012 kuma ta buɗe wa masu sensar inci ɗaya kasuwa. Ta baya-bayan cikin jerin, RX100 VII ta 2019, tana zuƙowa daga milimita 24 zuwa 200 (ƙaramar lamba fili mai faɗi take ɗauka, babba kuma ta jawo na nesa), ƙofarta f/2.8 zuwa f/4.5. Wadda ta girme ta, RX100 VA, ta tsaya a 24 zuwa 70, amma ƙofarta f/1.8 zuwa f/2.8. Mutum zai ɗauka sabuwar ce ta fi a komai, tunda lambarta ta fi girma. A cikin falo kuwa tsohuwar tana shigar da haske fiye da ninki biyu na sabuwar. Canon G7 X Mark III ma a wannan sahun take, 24 zuwa 100, f/1.8 zuwa f/2.8. Kada kuma a ruɗe ka da zancen cewa kyamara tana da abin hana rawar hannu. Rawar hannunka yake gyarawa, ba ya tsayar da yaron da ke tsalle. Yaro mai gudu sai shota, wato labulen da ke barin haske ya kai ga sensa, ta buɗe ta rufe cikin kashi ɗaya bisa 250 na daƙiƙa ko ƙasa da haka, wannan kuwa haske yake ci. Ko dai babbar ƙofa, ko filasha.

Hoton titi wani sha'ani ne daban, kuma a nan zuciyata take, don haka a yi mini uzuri idan na zaƙe. Mai ɗaukar rayuwar titi ba ya son a lura da shi, ba ya kuma da lokacin wasa da zuƙo. Kafin ka gama zuƙowa, dattijon da ya juyo yana dariya ya riga ya wuce. Shi ya sa kyamarorin da suka yi suna a wannan fannin ba sa zuƙowa sam. Ricoh GR III ta 2019 tana da sensar APS-C a jikin da nauyinsa gram 257 ne kacal, gilashinta a tsaye yake a 28. Ƙanwarta GR IIIx ta 2021 kuma 40 ce, ta ɗan fi matse hoto. Abin da ya fi burge ni da su shi ne kana iya saita tazara tun kafin ka fita, ka ce mita biyu misali, da ka danna sai ta ɗauka nan take ba tare da ta tsaya laluben inda za ta saita ido ba. Daido Moriyama, fitaccen mai hoton titin nan na Japan, ya daɗe yana aiki da ƙananan kyamarorin Ricoh tun zamanin fim. Amma ga abin da ka bayar: GR III ba ta da filasha a jiki, ba ta da tagar leƙe da ake kafa ido a ga abin da za a ɗauka, batirinta kuma wajen hoto 200 yake yi.

Kishiyarta ita ce Fujifilm X100, jerin da ya faro a 2011. Ta shida, X100VI, ta fito a 2024 da megafiksel 40 da gilashin 35 mai f/2, ga tagar leƙe mai daɗin amfani. Kyakkyawa ce, ba musu. Sai dai nauyinta ya haura rabin kilo, aljihun riga ba ya ɗaukarta, sai dai a rataya a wuya. Tun da TikTok ya yayata ta biyar, X100V, ta yi wuyar samu, na ga mutane da dama sun nace sai ita, suka samu, sannan suka dawo suna tambayar ina maɓallin zuƙowa. Babu. Ƙafarka ce zuƙon. Idan wannan bai kwanta maka ba, ba taka ba ce, komai kyanta a hannun wasu.

Matafiyi fa? Shi kam zuƙo yana da rana a wurinsa, domin yau dutse ne a nesa, gobe zanen da ke saman wani tsohon gini. Panasonic ta daɗe a nan da jerin TZ, wanda a Amurka ake kira ZS. TZ200 ta 2018 ta haɗa sensar inci ɗaya da zuƙo ninki 15, wato 24 zuwa 360, TZ99 kuwa ta kai ninki 30 amma a kan ƙaramar sensa. Dukansu a ƙarshen zuƙo ƙofarsu ta tsuke zuwa f/6.4. Kyamarorin rana ne. Ni da za a ba ni zaɓi, rabin zuƙon da babbar sensar zan ɗauka. A sani kuma, "ninki 30" ba ma'aunin nisa ba ne, lambar ƙarshe ce aka raba da ta farko, 720 a raba da 24. Zuƙon da ake kira na dijital kuwa yanke gefen hoto ne kawai a buɗa tsakiyarsa, abin da za ka iya yi da kanka daga baya.

Mai tsuntsaye da namun daji, gaskiya ɗaya ce: ka manta da aljihu. Nikon P1000 ta 2018 tana zuƙowa ninki 125, har 3000, farin wata ma cika hoton yake yi. Amma nauyinta kilo 1.4 ne, sensarta ƙarama, kuma a can ƙarshe numfashinka kaɗai ya isa ya kawar da tsuntsun daga cikin hoto, sai ka ɗora ta a kan maɗori mai ƙafa uku. Idan rana ta take, hucin da ke tashi daga ƙasa zai sa abin da ke nesa ya yi ta rawa, babu gilashin da ke maganin wannan. Sony RX10 IV ta tsaya a 600, amma da sensar inci ɗaya da saurin kama abu mai motsi, ta fi dacewa da tsuntsun da ke tashi.

Sai wadda mutane ke rainawa, ni kuwa nake ganin girmanta: OM System TG-7, magajiyar Olympus TG-6. Megafiksel 12 ce kawai, sensarta ƙarama. Amma tana nutsewa mita 15 a ruwa ba tare da an sa mata riga ba, tana jure faɗuwa daga mita 2.1 da sanyin da ya kai 10 ƙasa da sifili, tana kuma ɗaukar abu daga tazarar santimita ɗaya. Idon ƙwaro, jijiyar ganye, tsagewar da ke jikin ƙarfe. Mai iyo, mai hawan dutse, injiniyan da ke aiki cikin ƙura, malamin da ke nazarin tsirrai, duk wannan ce tasu.

Masu ɗaukar kansu a bidiyo ba zan daɗe a kanku ba. Sikirin mai juyowa gaba, ramin makirfo, da gilashi mai faɗin da zai ɗauki fuska da abin da ke bayanta a tsawon hannu. Sony ZV-1 ta 2020 don wannan aka yi ta. Ku fi damuwa da sauti, mai kallo yana haƙuri da hoto mai rauni amma ba ya haƙuri da muryar da iska ta cinye.

Na san wani zai ce, to wayar fa? Tambaya ce mai kyau, kuma kasuwa ta riga ta ba da rabin amsar. Ƙididdigar ƙungiyar masu ƙera kyamara ta Japan, CIPA, ta nuna an fitar da kyamarorin dijital wajen miliyan 121 a 2010, amma a 2023 ba su kai miliyan 8 ba. Casio, wadda QV-10 ɗinta ta 1995 ta kawo sikirin a bayan kyamara, ta bar sana'ar a 2018. Waɗanda waya ta kashe su ne masu ƙaramar sensa da gajeren zuƙo, don babu abin da suke yi da ita ba ta yi. Waɗanda suka rage, kowacce tana da abu ɗaya da ta fi waya: ko nisa na gaske, ko babbar sensa, ko shiga ruwa, ko filasha mai ƙarfi irin ta zenon. Wannan filashar ce ma, a ganina, sirrin tsofaffin kyamarorin da matasa suka koma nema yanzu. Hasken da take watsa wa fuska, wanda fitilar waya ba ta iya yi, shi ne kamannin da suke so. Idan kana cikinsu, ka tabbatar ana samun batirinta da irin katin da take ci, ka kuma ɗauki hoton farin bango ka duba ko akwai ɗigon ƙura. Gilashin da ke fita yana komawa yakan zuƙi ƙura, kuma sensar ƙaramar kyamara ba ta sharuwa sai an kwance ta.

Wani abokina ya yi gwajin nan na hoto 200 a gabana. Ya zo da niyyar sayen mai dogon zuƙo, sai muka tarar kusan duka hotunansa takardu ne na wurin aiki da fuskokin abokai a waje da rana, kuma babu wanda ya lalace. Na ce masa ya riƙe kuɗinsa. Bai ji daɗi ba, har yanzu yana turo mini hotunan kyamarori yana tambaya ko wannan fa.

Ni dai tawa yanzu mai gilashi a tsaye ce, tana aljihun gaba tare da batir na biyu. Tsuntsu ya sha sauka a gabana in bi shi da ido kawai.