Wa ya goge min tsatsar tankata?

Don Allah jama'ar gidan nan, sau nawa zan faɗa muku tsatsar jikin tankata mai rimot fenti ne? Tankar yaƙin Jamus ce mai suna Tiger I, ƙirar 1942, an ƙanƙanta ta sau 16. Sati uku ina sunkuye da burushi siriri kamar tsinke, ina zana tsatsa a bakin salansa, ina shafa laka a sarƙar ƙarfen da na saka mata. Na dawo masallaci, sai ga ta tana ƙyalli kamar kwanon amarya! Wai an taimaka min, an dirje ta da soso da sabulu, har ruwa ya shiga gidan batir. Shekaranjiya tsintsiya ta kwashe ƙananan kusoshina, eriyar kuwa an yi sakace da ita. Wace tankar yaƙi ce ta taɓa dawowa daga fagen daga tana walƙiya? Wa ya aike ku?