Kafin ka sayi abin ɗumama akwatin maciji a Sakkwato

Na san wasu za su ce wane ne ke kiwon maciji a gida in ba gardi ba. To akwai mu, kuma saƙonni uku da na samu a makon nan daga Mabera da Arkilla duk tambaya ɗaya ce: hunturu ya kama, me za a saya a ɗumama akwatin?

Tawa ƙaramar mesa ce, irin wadda ke dunƙulewa kamar ƙwallo in ta tsorata. 'Yar Afirka ta Yamma ce, daga Togo da Benin da Ghana ake kwasar su zuwa Amurka da Turai. Jikinta ba ya ƙera zafin kansa, abin da wuri ya ba ta da shi take narka abinci. In ta haɗiyi ɓera sanyi ya kama ta, sai ta amayar da shi, ko ciwon numfashi ya biyo baya, ka ji tana shessheƙa da kumfa a baki.

Ra'ayina a fili yake: wanda ba shi da kuɗin na'urar daidaita zafi, wadda ke hana abin ɗumama wuce zafin da aka saita masa, kada ya sayi abin ɗumama. Na faɗi haka ne don ni na yi kuskuren. Wani hunturu na sayi tabarmar lantarki ta intanet, na manna ta ƙarƙashin akwati, na jona kai tsaye. Na taɓa da tafin hannu na ji ɗumi kawai. Ashe abin da hannun mutum ke kira ɗumi ya isa ya gasa cikin maciji, kuma ita ba ta tashi daga wurin, tana kwance yana cin ta. Da na juya ta na ga cikinta ya yi ja ya tashi, wallahi ranar ban iya cin abinci ba. Likitan dabbobi ya yi ta fama, sai da ta yi saɓa uku kafin wurin ya rufe. Dabbar da ka kulle amana ce a wuyanka, duk mun san hadisin matar da ta tsare kyanwa.

Gefe ɗaya na akwatin ake ɗumamawa, ya tsaya wajen digiri 31 zuwa 32, ɗaya gefen ya zauna 25 zuwa 27, ita ta zaɓi inda za ta kwanta. Na'ura mai kunnawa da kashewa ta wadatar wa tabarma. In kwan lantarki na yumɓu ne mai zafi ba haske, mai rage wuta a hankali ta fi, kuma a yi wa kwan raga, don mesar za ta naɗe shi. Wayar da ke jin zafin a ɗaure ta daidai inda zafin ke fita, in ta zame gefe na'urar za ta ɗauka sanyi ake yi ta ci gaba da ba da wuta. Sannan a sayi ma'aunin zafi daban a riƙa gwada ta. Dutsen lantarki kuwa, wato abin ɗumama mai siffar dutse da ake ajiyewa cikin akwatin, ko kyauta aka ba ka, bar shi.

Duba jikin kwali ka ga ƙarfin wutar da kayan ke ɗauka. Kayan Amurka na bolt 110 zuwa 120 ne, wutarmu 230. Tabarmar ba ta da cin wuta, ƙaramar inbata ta riƙe ta har asuba. In an ɗauke wuta babu inbata, gorar ruwan ɗumi a naɗe da tsumma a jikin akwatin daga waje. Kaskon garwashi a rufaffen ɗaki kada ma a fara, ya halaka mutane balle ita. Hunturu kuma yana busar da iska, abin ɗumama ya ƙara busar da ita, saɓa ta manne a ido da wutsiya, don haka a sa babban kwanon ruwa da maɓoya mai ɗan laima.

Abin da masu bidiyon kiwon maciji na Ingila ba za su gaya maka ba shi ne bazararmu. Daga Maris zuwa Mayu Sakkwato na haura digiri 40, ɗakin kwano ya fi haka, na'urar kuma kashe wuta kawai ta iya, ba ta sanyaya komai. Zafin nan ya fi sanyi saurin kashe ta. Ni da Maris ya shigo nake zare komai daga soket, in saukar da akwatin ƙasa kusa da randa a ɗakin da rana ba ta dukansa, in duba ma'auni da azahar da la'asar.