Kifaye Na Nema Wa Masu Ilimi Gafara, Mu Me Muke Aika Musu?

Assalamu alaikum wa rahmatullah, 'yan uwa.

Bayan ruwan saman da aka yi ranar nan, na bi ta Kwalkwalawa a nan Sakkwato na tsaya ina kallon gulbi. Ruwa ya taho jajawur, a kansa kuwa ledar fiyawata ce da baƙar leda da gorunan roba, suna tafiya ayari-ayari. Nan take hadisin Abud Darda'i, Allah ya ƙara masa yarda, ya faɗo mini a rai, wanda Abu Dawuda da Tirmizi suka ruwaito, cewa mai ilimi duk abin da ke sammai da ƙasa yana nema masa gafara, har kifaye a cikin ruwa. Jikina ya yi sanyi. Mu ne mutanen birnin Shehu, garin da ake tunƙaho da karatu, ga halittun ruwa na yi wa malamanmu istigfari, ga kuma tukuicin da muke aika musu.

Na san wani zai ce, Malam, ina ruwan Basakkwace da teku? Daga nan zuwa Legas tafiyar kusan kilomita 1,000 ce, da yawanmu za mu koma ga Allah ba mu taɓa ganin teku da idonmu ba. To amma ruwa ya san hanya. Gulbin Rima da Gulbin Sakkwato nan kusa da mu suke haɗuwa, su bi ta Argungu da Birnin Kebbi su faɗa Kwara. Kwara ta wuce Yawuri da Kainji da Jebba, ta haɗu da Binuwai a Lakwaja, ta je ta zube a tekun Atilantika. Gaskiya ne ba kowace leda ke kai wa can ba, wata ta maƙale a fadama, wata a madatsar ruwa, wata saniya ta haɗiye ta, mahauta sun fi kowa sanin abin da suke cirowa daga tumbi. Amma leda ba ta ruɓewa kamar ganye, sai dai rana ta gasa ta ta farfashe ta zama ɓurɓushi, ɓurɓushin ya ci gaba da tafiya. A 2017 wasu masu bincike a Jamus suka lissafa koguna 10 da suka fi kwasar robobi zuwa teku a duniya, 8 a Asiya, sai Nilu, sai Kwararmu.

Allah Maɗaukakin Sarki ya ce a Suratur Rum, aya ta 41: "Ɓarna ta bayyana a tudu da teku saboda abin da hannayen mutane suka aikata." Ku lura, an ambaci teku tare da tudu, kuma an jingina laifin ga hannaye. Hannun da ya yar da leda a kwata hannu ne.

Can cikin teku akwai kunkuru mai girma, wanda abincinsa wata halitta ce mai laushi, mai lilo cikin ruwa kamar buɗaɗɗiyar lema. In ya hango farar leda tana yawo sai ya ɗauka ita ce, ya haɗiye. Ledar ta toshe masa hanji, ya riƙa jin ciki cike alhali yunwa na kashe shi. A 2019 aka tsinci gawar wata ƙatuwar dabbar teku a ƙasar Filifin, dangin wadda ta haɗiye Annabi Yunusa alaihis salam, da aka farke cikinta aka ciro roba mai nauyin kilo 40. Waccan ta riƙe Annabin Allah amana har ta ajiye shi a gaɓa da izinin Ubangijinta. Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, ya ba mu labarin matar da ta shiga wuta saboda kyanwa guda, ta tsare ta, ba ta ciyar da ita ba, ba ta sake ta ta nemi abinci ba. Kyanwa guda fa, jama'a. Wannan hadisi yana ba ni tsoro duk sanda na tuna dabbar da ke mutuwa da yunwa cikinta cike da shararmu.

Akwai wadda ta fi kusa da mu, kuma ita ce ta fi ci mini rai, wato ayu. Ayu na rayuwa a gaɓar teku da manyan kogunan Afirka ta Yamma, har da Kwara da Binuwai. Ciyawa take ci, ba ta cutar kowa. Cikinta yakan kai shekara, ta haifi ɗa guda, ta shayar da shi nono, sai an ɗau shekaru kafin ta sake haihuwa. Dabbar da haihuwarta ke da wuya haka, in aka matsa mata da farauta ba ta iya mayar da gurbi. Shi ya sa tun 2013 aka sa ta a jerin dabbobin da aka hana cinikinsu tsakanin ƙasashe. Amma a kasuwanninmu da shafukan Facebook da WhatsApp me ake tallatawa? Man ayu, wai don mallaka da farin jini. Iyayena mata, ƙannena, da ku maza masu saye a ɓoye, ko na gaske ne ko jabu, kuɗin da kuke miƙawa shi ke tura mafarauci ya ɗau mashi ya shiga kwalekwale. Ƙauna kuma Allah ke sa ta a zuciya, ba kitsen dabba ba.

Kada a ce na haramta halal. Annabi ya ce game da teku, ruwansa mai tsarkakewa ne, mushensa halal ne, kuma a mazhabar Imamu Malik dabbobin ruwa halal ne. Sai dai halaccin ci daban, ƙarar da iri daban. A Suratul Baƙara, aya ta 205, Allah ya siffanta wani mugun mutum da cewa yana yawo a bayan ƙasa don ya yi ɓarna, ya halaka shuka da zuriya, kuma Allah ba ya son ɓarna. A Suratul An'am kuma ya ce dabbobi al'ummu ne kamarku. Wanda ya ƙarar da al'umma sukutum, mai tasbihi, da wace fuska zai tsaya gaban wanda ya halitta ta?

Haka masunta 'yan uwanmu. Mai zuba maganin ƙwari a tafki don kifi ya taso, ya kashe babba da ƙarami da ƙwai, sa'annan ya sayar wa Musulmi guba. Mai su da gidan sauro ya kwashe 'ya'yan da ba su kai yatsa ba. Kakanninmu ba haka suka yi ba. Dubi gulbin Matan Fada a Argungu, inda Sarkin Ruwa ke tsare gurbi, a hana kamun kifi har lokaci ya yi, sannan a shiga da homa da gora a fito da giwan ruwa wanda sai an kama wa mutum ɗauka. Wannan haƙuri shi ya rasu a manyan tekuna, inda hukumar abinci ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta ce fiye da kashi ɗaya cikin uku na garkunan kifin ana kama su fiye da yadda suke hayayyafa. Kifin ƙanƙaran da muke saye a kasuwa daga can yake zuwa.

Roƙona ga limamanmu da malaman zaure, a sa wannan magana cikin huɗuba da karatu tun damina na tsaka. A tuna wa mutane hadisin da ya hana ƙazanta mashaya, domin kwata ma gulbi take zuwa. Mai shago ya ajiye buhu a ƙofa don ledar fiyawata. Uwar gida ta ba yaro kwano ko jaka in za ta aike shi, kamar yadda aka yi mana muna yara. In kuma ka ga hadari ya haɗo, ɗan uwa, kada ka ce wa yaro ya yi maza ya juye shara a lambatu don ruwa ya tafi da ita.