Ba Larabawa kaɗai suka kai wa Albaniya addini ba

Wani marubuci da ya yi rubutu kan addini a ƙasar Albaniya ya ɗora laifin duka a kan kuɗin Saudiyya, wai su suka gurɓata Musuluncin Albaniyawa, amma ya tsallake tushen maganar. A 1967 Enver Hoxha, shugaban gwamnatin kwaminis ta Albaniya, ya haramta addini baki ɗaya, aka rufe masallatai da coci-coci, wasu aka mayar da su rumbun ajiya, aka ɗaure limamai da fada-fada. Da gwamnatin kwaminis ta faɗi a farkon shekarun 1990, ina malaman da za su karantar? Dole aka nemo daga waje. Kuma kowa ya zo da nasa: shugaban cocin Otodoks, Anastasios, mutumin Girka ne, ya riƙe kujerar daga 1992 har rasuwarsa a 2025. Babban masallacin Namazgah na Tirana, babban birnin ƙasar, kuwa Turkiyya ce ta gina, shugabanta Erdogan da kansa ya je buɗe shi a 2024. Malam mai cewa Albaniyawa ba Musulmin kirki ba ne, a yi hattara, mutanen da aka hana su sallah a fili sama da shekara 20 kake magana a kai. Me ya sa ba a kiran na Girka da na Turkiyya "baƙon tasiri" sai na Larabawa?